Sigari mai caji: abin da na gani a gidanmu

 

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun zamanin kakanni ana noman ta a fadamar Gulbin Maraɗi, fatake suna kai ta kasuwa-kasuwa. Wani ya ci garinta da kanwa. Wani ya shaƙa. Wani ya ɗura a lofe ya sa wuta. Mata kuma su goge haƙora da furenta. Daga baya sigarin kwali ya shigo, har ya zama babu garin da mai tebur ba ya sayar da shi kara-kara. Bayan shi shisha ta shiga fadar samari.

Yanzu ga wani sabo ya iso. Ba a kunna shi da ashana. Ba ya toka. Caji ake yi mashi kamar salula. Wasu na ce da shi sigarin lantarki, wasu shishar aljihu. Ni ina kiran shi sigari mai caji. Ƴan cin rani ne ke shigowa da shi daga manyan birane. Cadawa kuwa bakin babbar hanya take, tsakanin Maraɗi da Agye, ga kuma hanyar Mayahi. Duk abin da mota ta ɗauko, sai ya sauka wurinmu kafin ya shiga ƙauyuka.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Wanda ya iya karatu a gari, shi ake kawo wa takardu: wasiƙa, takardar likita, rubutun buhun taki. Yanzu har kwalin wannan sigari ana kawo mani. Sai a ce, "Malam, duba mana, da gaske maganin barin sigari ne?" Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani a jikin ƙanena, da abin da likita ya bayyana mana, da abin da na karanta. Gani ya kori ji.

Mene ne a cikin shi?

Abu uku ne a ciki. Akwai batir. Akwai ƴar siririyar waya mai yin zafi. Akwai kuma ruwa. In mutum ya zuƙa, batir ya zafafa waya, waya ta zafafa ruwa, ruwa ya zama tururi, tururi ya shiga huhu.

Ruwan nan ba ruwan rijiya ba ne. An haɗa shi da gilisarin, irin wanda mata ke shafawa lokacin ɗari, da wani ɗan'uwan shi da ake kira furofilen gilikol. An sa ƙamshi, na mangwaro, ko na lemu, ko na na'a-na'a. Sannan an sa nikotin. Nikotin shi ne sinadarin da ke cikin ganyen taba, wanda ke kama mutum har ya kasa bari. Yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙi hayaƙin sigari.

Wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin wanda ya bazu a duniya, a shekarar 2003. Shi kanshi mashayin sigari ne, kuma ciwon sankarar huhu ne ya kashe mahaifin shi.

Bambancin su da sigarin kwali, wuta ce. In ganyen taba ya ƙone, hayaƙin shi yana ɗauke da sinadari fiye da 7000. Wajen 70 daga cikin su suna kawo sankara. Akwai baƙin maiƙo kamar kwalta. Ku sa mai shan sigari ya busa hayaƙi a farin ƙyalle, za ku ga tabon shi. Akwai kuma mugunyar iska, irin wadda gawayi ke fitarwa in an hura shi a rufaffen ɗaki. Sigari mai caji ba ya ƙona ganye, don haka ba ya da yawancin waɗannan. Amma yana da nikotin, yana kuma da nashi abubuwan da huhu bai saba da su ba.

Yadda Auta ya dawo da shi

Ƙanena shi ne autan gidanmu. Ya shekara 9 yana shan sigari, kara 10 a yini, wani lokaci fiye. Yana da mata da ɗa guda. Kowace shekara in an gama kaka yana tafiya Kano cin rani. A watan Mayu na 2024 ya dawo, kafin ruwan shuka. Ya kawo wa Inna atamfa da sabulu. Ya kawo wa kanshi sigari mai caji guda uku.

Ya ce mani, "Yaya, na bar sigari. Kwana biyu ke nan ban taɓa shi ba. Wannan ba ya da illa, tururi ne kawai."

Inna ta yi murna, don ta daɗe tana yi mashi faɗa. Ta ce, "Allah ya raba ka da shi, Auta." Muka ce amin. Ni dai na sa ido. Ga abin da na gani.

Na farko, ƙishirwa. Bakin shi da maƙogwaro suka bushe. Ya yi ta kai da kawowa wajen randa. Muryar shi ta dushe kamar mai mura.

Na biyu, tari. Ya fi wanda yake yi lokacin da yake shan sigari. Da asuba sai ya yi ta fitar da majina mai duhu.

Na uku, ciwon kai da jiri. Rannan muna binne a gonar tudu, sai ya zauna ƙarƙashin gawo, ya ce zuciyar shi na tashi, gaban shi na bugawa. Har da shaƙuwa.

Na huɗu, rashin barci. Sai ya kai tsakar dare yana juyi. In barci ya ɗauke shi, ga mafarke-mafarke.

Na biyar, ƙuraje a baki. Yaji ya gagare shi ci. Ciki kuma ya ɗaure, kwana uku bai zagaya ba.

Na shida, yunwa. Wanda ba ya gama kwanon tuwo, sai ga shi yana neman ƙari, yana cewa miya ta yi daɗi. Miyar nan kuwa ita ce ta kullum.

Da mako guda ya cika, Inna ta tsorata. Ta ce ko dai an yi mashi wani abu a can birni. Abokan shi na fada suka ce, "Ka gani ko? Jikinka ya saba da sigari. In ka bari, mutuwa za ka yi." Shi ma ya fara yarda da su. Na ce mashi kafin ya yanke shawara, mu je gidan likita mu ji.

Abin da majo ya bayyana mana

Babban ma'aikacin gidan likita, wanda muke ce wa majo, ya auna shi. Ya saurari ƙirjin shi. Ya ɗauki jini ya duba ko zazzaɓin cizon sauro ne. Ba shi ba ne. Sannan ya ce, "Malam, abu biyu ne suka haɗu a jikin ƙanenka. Akwai kukan jiki na rabuwa da tsohon abu. Akwai kuma kukan jiki na karɓar sabon abu. Sai an raba su kafin a gane."

Ga yadda ya raba su, ni kuma na rubuta a littafina.

Tari iri biyu ne. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu ƴan siraran gashi da ido ba ya gani. Aikin su share datti, kamar tsintsiya. Hayaƙin sigari yana kwantar da su. In an bar hayaƙi sai su farfaɗo, su kama shara. Majinar da ke fita da asuba, sharar shekaru ce. Wannan tari alheri ne, yana raguwa da kanshi. Ɗayan kuma busasshen tari ne, mai zuwa daidai lokacin da aka zuƙi tururi. Wannan sabon abu ne ke kawo shi.

Bushewar baki, aikin ruwan nan ne. Gilisarin da ɗan'uwan shi suna tsotse danshi, kamar yadda gishiri ke jan laima lokacin damina. Mai noma cikin rana dama yana zubar da gumi. In ya ƙara da wannan, ƙishirwa ta zama biyu, ciwon kai ya biyo baya.

Jiri, tashin zuciya, shaƙuwa da bugun gaba, alamar nikotin ya yi yawa ne. Faɗa, ƙunci, rashin natsuwa da tsananin sha'awar sigari, alamar jiki bai samu nikotin yadda ya saba ba ne. Mutum ɗaya yana iya ganin duka biyu a yini ɗaya.

Ƙurajen baki da ɗaurewar ciki suna samun mutane da yawa da suka bar sigari, ko da ba su koma wa komi ba. Suna wucewa cikin ƴan makwanni. Yunwa kuma, hanci da harshe ne suka farka. Hayaƙi yana dushe ɗanɗano da jin ƙamshi.

Maganar barci ita ta fi ba ni mamaki. Majo ya tambaye shi, "Kofi nawa na shayi kake sha a fada?" Ya ce na fari, na biyu da na uku, safe da dare. Ga kuma goro. Majo ya ce hayaƙin sigari yana sa hanta ta yi saurin kawar da sinadarin da ke hana barci, wanda ke cikin shayi, goro da kafe. In hayaƙi ya tsaya, hanta ta rage sauri, sai sinadarin ya daɗe a jini. Shayin da ka saba sha ka yi barci, yanzu shi zai hana ka. Maganin shi, a rage shayi da goro, musamman na dare.

Ya ce wahalar rabuwa da sigari ta fi tsanani a makon farko. Yawanci tana sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Ba ta kisa. Sigari shi ke kisa.

Darasin karanta kwali

Da muka dawo gida na ɗauki kwalin na duba. An rubuta 5000. Wato zuƙa 5000. A gefe, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta 5%.

Washegari na kai kwalin makaranta. Na rubuta a allo: 2% da 5%. Na ce wa ɗalibai, wannan alama mai ƴan ƙwallaye biyu da sanda a tsakani, ma'anarta "cikin ɗari". In kun ga 2%, daidai yake da 20 mg/ml. In kun ga 5%, daidai yake da 50 mg/ml. Wannan lamba ita ce ƙarfin nikotin. A ƙasashen Tarayyar Turai, irin su Faransa, doka ta hana a sayar da wanda ya wuce 20. Na Auta 50 ne. Ya ninka abin da suka yarda da shi sau biyu da rabi.

Wani dattijo makiyayi a cikin ɗalibaina ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ai ga wata matsala. Karan sigari yana da ƙarshe. In ya ƙone ka yar, sai an jima. Wannan kuwa ba ya da ƙarshe. Kamar dabba ce da aka saki cikin rumbu." Duka aji aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Auta yana zuƙa a gona, yana zuƙa bisa amalanke, yana zuƙa a shimfiɗa. Ba wari, ba toka, ba mai hana shi. Shi ya sa jiri ya kama shi.

Ranar muka yi lissafi kuma. Na ce mu ɗauka kara guda dala 5 ne. Mai shan kara 10 yana kashe dala 50 a yini. A kwana 30, jika 7 da rabi. A kwana 365, jika 91 da dala 50. Na ce kowa ya je kasuwa ya tambaya: tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya? Akuya nawa? Buhun taki nawa don gonar aya? Aji ya yi tsit. Sigari mai caji ma ba kyauta ba ne. In ya ƙare, sai an sayi wani.

Me duniya ke cewa?

Masana ba su zama baki ɗaya ba, kuma ya kamata ku ji ɓangare biyu.

A Ingila, hukumomin lafiya sun ce ga babban mutum da ya riga ya kamu da sigari, komawa mai caji gaba ɗaya ya fi ci gaba da shan hayaƙi sauƙin illa. A 2015 wani rahoton su ya ce illar ta ragu da wajen kashi 95 cikin 100. Wasu masana sun yi gardamar wannan lamba. Amma ko su Ingilan sun ce ba abin banza ba ne: wanda bai taɓa shan sigari ba kada ya fara, yara kuma kada su kusance shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta fi tsanantawa. Ta ce yana da illa, yana kuma jawo yara da ƙamshi da launi. A watan Disamba na 2023 ta ce ƙasashe 34 sun hana sayar da shi, ƙasashe 74 kuma ba su da wata doka a kan shi. Indiya ta hana shi a 2019. Faransa ta hana irin wanda ake sha a yar a watan Fabrairu na 2025. Ingila ma ta hana irin wannan daga 1 ga Yuni na 2025.

A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum fiye da 2800 a asibiti da ciwon huhu mai tsanani, 68 suka mutu. Bincike ya nuna yawancin su sun sha ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi da wani mai, wanda aka saya a bayan fage. Darasin a nan shi ne: ruwan da ba ka san wanda ya haɗa shi ba, kada ka kai shi huhunka. Mu kuwa abin da ke iso mana ya bi hannu da yawa, ya sha rana a tasha.

Game da taba kanta, babu gardama. OMS ta ce tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara a duniya. Fiye da miliyan 1 daga cikin su ba su sha, hayaƙin wasu ne suka shaƙa. Ƙasarmu Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005. Ranar 15 ga Mayu na 2006 aka kafa doka mai lamba 2006-12, wadda ta hana shan taba a wuraren jama'a kamar lakwal, gidan likita da motocin haya. Kowace shekara kuma, 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya.

Da damina ta yi tsakiya

Auta ya bi shawara. Ya rage shayi. Ya riƙa tafiya gona da gorar ruwa. Ya rage zuƙa. Bayan mako uku ƙurajen baki suka warke, barci ya dawo, tarin asuba ya ragu. Ya ce numfashin shi ya fi tsawo in yana riƙe da hauya. Wannan gaskiya ne, na gani: da can shi ke fara tsayawa a kunya, yanzu muna kai ƙarshe tare.

Amma akwai abin da birni bai faɗa mashi ba.

Na farko, caji. Kullum sai an kai wurin mai cajin salula an biya. Rannan ya bar guda a aljihun riga bisa reshe cikin rana, ya ɗauko shi da zafi kamar dutsen murhu. Irin wannan batir yana iya kumbura, yana iya kama wuta.

Na biyu, ƙarewa. A watan Yuli, muna tsakiyar maimai, na ukun ya mutu. Babu kuɗin aika a sayo wani, don rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Jiki kuwa ya saba da nikotin mai ƙarfi dare da rana. Kwana biyu ya daure. Rana ta uku aka gan shi wurin mai tebur. Kara 10 na da bai ishe shi ba. Garin gudun gara, ya faɗa gidan zago.

Da kaka ta yi, ya sayar da wake ya aika aka kawo mashi wani. Sai ya zama yana shan biyu: sigari a fada, mai caji a gida. Majo ya riga ya gaya mana wannan ba riba. Ko kara kaɗan a yini yana ɓata zuciya da hanyoyin jini. Wanda ke shan biyu bai tsira daga hayaƙi ba, ya dai ƙara kashe kuɗi.

Na uku shi ne ya girgiza gidan. Wata safiya matar shi ta shiga ɗaki ta tarar da ɗansu, mai shekara 3, ya ciro abin daga ƙarƙashin matashi yana tsotsa. Ƙamshin mangwaro ya ji, ya ɗauka alawa ce. Yaro ya yi tari, ya yi amai, ya yi laushi. Muka ɗauke shi a babur sai gidan likita. Allah ya taƙaita, zuwa la'asar ya warware. Majo ya ce da ruwan ne ya tsiyaye ya haɗiye, da abin ya fi haka muni, don nikotin dafi ne ga ƙaramin yaro.

Da dare Inna ta kira Auta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Auta, sigarinka na da, ko jaki ba ya cin shi, bare yaro. Wannan kuwa ka kawo mani dafi mai ƙamshin alawa cikin gida. Zaɓi tsakanin shi da jikana."

Bai ce komi ba. Da safe ya zo wurina. Ya ce, "Yaya, ina so in bar su duka. Amma ina jin tsoron kwanakin nan na farko." Na ce, "Ai ka riga ka san su. Ka san sunan kowane, ka san ranar da yake tafiya."

Ya fitar da mai caji daga gidan a ranar. Sigari kuma ya riƙa ragewa. Muka sa rana: farkon azumi, a watan Maris na 2025. Dalili, mai azumi dama yana yini bai sha ba. Abin da ya rage shi ne dare. Ya gaya wa abokan shi. Ya bar zuwa fada mako biyu. In sha'awa ta taso bayan shan ruwa, sai ya tauna aya ko ya sa asuwaki a baki, ya tashi ya zagaya garke. Sha'awar sigari kamar guguwa take: ta taso da ƙarfi, cikin ƴan mintoci ta wuce. Ya yi faɗa da kowa a makon farko, har da ni. Muka yi haƙuri da shi. Ya kai salla bai sha ba. Har yau in ya ji warin sigari wajen masu shayi, ya ce ranshi na biyawa. Amma hannun shi bai koma ba. Kuɗin da yake ajiyewa kullum a gwangwani, da su ya sayi tunkiya.

Shawarata gare ku

1. Wanda bai taɓa shan sigari ba, kada ƙamshi ya ruɗe shi. Nikotin ɗaya ne, ko a ganye ko a ruwa. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kuma ta fi saurin kamuwa.

2. Wanda ke shan sigari, abin da ya fi shi ne ya bar duka. OMS ta ce cikin awa 12 da bari, mugunyar iskar nan ta ragu a jini ta koma daidai. Cikin mako 2 zuwa 12 jini ya fi gudu, huhu ya fi aiki. Cikin wata 1 zuwa 9 tari ya ragu. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da rabi.

3. Wanda ya riga ya koma mai caji, kada ya haɗa biyu. Ya karanta lambar ƙarfi, ko ya kai wa wanda ya iya. Ya sha ruwa da yawa. Ya rage shayi da goro. Ya sa ranar da zai bar shi ma. Gada ce, ba a gina ɗaki bisa gada.

4. A ɓoye shi nesa da yara. Kada a sha kusa da mai ciki ko jariri. Mai ciki kuma ta nisanci nikotin kowane iri. Wanda ya mutu kada a jefa shi cikin wuta, kada a yar a bola inda yara da awaki ke kiwo.

5. Ƴan'uwa makiyaya da dattawa masu cin garin taba da kanwa, ko masu shaƙa: rashin hayaƙi ba ya nufin rashin illa. Tana kawo sankarar baki da ta maƙogwaro. Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, a nuna wa likita.

6. Kada a ɗora wa barin sigari kowane ciwo. Tarin da ya wuce mako 2, musamman da zazzaɓi, gumin dare ko rama, a je a auna majina, don yana iya zama tarin fuka. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasarmu. Tari da jini, ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, wannan ba a kwana da shi, a tafi gidan likita nan take.

7. Mata, iyaye da abokai: mai barin sigari yana da saurin fushi na ɗan lokaci. Ku yi haƙuri da shi. In ya faɗi ya koma, kada a yi mashi dariya. Da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su ci nasara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƴan'uwa na Agye, Gazawa, Gidan Rumji da sauran garuruwa, huhun manomi shi ne jarin shi. Babu kasuwar da ake sayar da sabo. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcin shi da bai iya ba tukuna. Wanda ya bar sigari ko garin taba, ya ɗauki alƙalami ya rubuto wa jaridarmu yadda ya yi, don wasu su ƙaru.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Cadawa.